Ta ci bakwai cikin takwas, amma ba ta san me labarin ya ce ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na leƙa gidan ƙanwata, na tarar da babbar 'yarta a tsakar gida ta baje takardu a kan tabarma. Tana SS3, bana za ta zana WAEC da NECO in Allah ya kai mu. Da murnarta ta miƙo min littafin lesin ɗinta, wai Kawu duba ka gani, na ci bakwai cikin takwas a auna fahimta na Turanci. Na karɓa na duba, da gaske ne, ga jan biron malam nan ya bi ya yi mata maki har da yabo a ƙasa.

Na ce to madalla, rufe littafin ki ba ni labarin da Hausa, me aka ce ya faru a ciki? Sai ta yi shiru tana murza bakin hijabi. Can ta ce, Kawu labarin wata mata ce mai shago. Na ce me ya sami matar? Ta ce ai guduwa ta yi ta bar shagon.

Na buɗe na karanta da kaina. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta riƙe ɗan ƙaramin shago da shi ta biya musu kuɗin makaranta har suka gama. Babu inda ta gudu. An dai rubuta "she ran a small shop", ita kuma yarinyar abin da ta sani shi ne "ran" gudu ne, shikenan sai labarin gaba ɗaya ya kife a kanta, matar da aka rubuta labarin don a yabi juriyarta ta koma wadda ta tsere.

Na ce to ya aka yi kika ci bakwai? Ta ce Malam ya koya mana kar mu ɓata lokaci wajen karanta labarin, mu fara da tambaya, mu ɗauki babbar kalmar da ke ciki mu nemo ta a cikin labarin, duk jimlar da muka same ta a ciki ita ce amsa, sai mu kwafe.

Wallahi tun ranar abin yake cina, domin uwar yarinyar nan ɗinki take yi, da kuɗin keken nan take biyan lesin duk wata tana ganin 'yarta na koyon Turanci.

Ra'ayina a fili yake: yadda muke shirya yaranmu wa auna fahimta a jarrabawar gama sakandare kuskure ne tun daga tushe. Muna koya musu dabarar farautar amsa, mun bar karatun kansa. Yaron da zai ci wannan ɓangaren shi ne wanda ya saba karanta Turanci kullum yana gane abin da ya karanta, kuma hanya mafi sauƙi da za ka gane ko ya gane ita ce ka ce ya maimaita maka da Hausa. Na san akwai masu ja da wannan, wasu ma abokaina ne malamai, zan bi maganganunsu.

Ina makin yake tukuna

Da yawan iyaye ba su san yadda takardar take ba. Turancin WAEC kashi uku ne, akwai na zaɓi, akwai na furuci, sannan akwai babbar takarda ta awa biyu mai maki 100. A cikin wannan ɗin insha'i na da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Wato rabin babbar takardar, maki 50 cif, ya rataya ne a kan abu ɗaya: a ba ka matanin da ba ka taɓa gani ba, ka karanta ka gane. Insha'in ma da ake so ya kai kalma 450, wanda bai saba karatu ba daga ina zai samo kalmomin?

Dabarar nemo kalma ka kwafe jimla tana iya ba ka tambaya biyu ko uku na farko, waɗanda amsarsu ke kwance a fili. Daga nan ta ƙare. Za a tambaye ka me ya sa marubucin ya faɗi kaza, me za a fahimta game da halin wane, wace irin adon magana ce wannan, sannan a ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi a ce kawo wata kalmar da za ta zauna a gurbin kowacce ba tare da ma'ana ta canza ba. Wannan na ƙarshen shi ne daidai ramin da 'yata ta faɗa, kalma ɗaya tana da ma'ana uku ko huɗu, jimlar ce ke gaya maka wacce ake nufi.

A taƙaitawa kuwa abin ya fi muni, saboda can kwafen ma laifi ne. Ana so ka tsamo manufar ka faɗe ta da bakinka a jimloli ƙididdigaggu, kuma rahotannin manyan masu makin WAEC sun sha kokawa a kan yaran da ke ɗebo jimloli sukutum daga matani su zuba. To malamin lesin ya yi mata maki bakwai, wanda zai yi makin gaske bai san ta ba, bai san uwarta ta biya kuɗi ba.

JAMB kuma nata salon daban. Tambaya 180 a awa biyu a kan kwamfuta, 60 daga ciki Turanci ne, idan ka raba kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Yaron da yake bin layi da yatsa yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kafin ya gama matani guda lokaci ya tafi, sai ya koma canki-canka. Kuma kowa ya sani ba kiredit a Turanci ba jami'a, ko da ka ci A1 a lissafi da kimiyya. Mu nan Arewa wa bai san wani ɗan uwa da ya zauna shekara biyu uku a gida yana maimaita jarrabawa saboda D7 ko E8 a Turanci kaɗai ba?

"Ai tsoffin tambayoyi suna taimakawa"

Wannan ita ce maganar farko da wani abokina malami ya yi min, kuma ban ƙaryata shi ba. Suna taimakawa. Yaro ya san fasalin takarda, ya san yadda ake jero tambayoyi, ya gwada kansa da agogo, minti 30 na auna fahimta minti 40 na taƙaitawa, duk wannan alheri ne. Ni ma ba cewa na yi a ƙona su ba.

Matsalata da yadda ake amfani da su ne. A lissafi ko kimiyya tambaya tana iya dawowa da ɗan canji, wanda ya yi ta bita zai gane ta. Matanin auna fahimta ba ya dawowa, na bana daban na bara daban. To yaron da ya haddace amsoshin shekara goma me ya riƙe a hannunsa? Kuma irin littattafan nan da ake sayarwa a bakin makarantu amsa tana baya, yaro zai karanta tambaya ya juya baya ya ga amsa ya ce eh haka ne, ya wuce, a ransa ya yi karatu.

Har ɓangaren nahawu, inda ake ɗauko wani yanki na jimla a ce faɗi sunansa a nahawu da aikin da yake yi, an mayar da shi hadda. An ce musu in ka ga an fara da "when" rubuta kaza, in ka ga "who" ko "which" rubuta kaza. Wani lokacin a dace, wani lokacin kalmar ta zo da wani aikin daban yaro ya rubuta abin da ya haddace ya faɗi, kuma ko an dace a sunan, tambaya ta biyu tana nan, wane aiki yake yi a jimlar, wannan kuwa sai ka gane jimlar.

Abu ɗaya ne yake faruwa da littafin labarin da JAMB ke sa wa masu jarrabawa su karanta. Ɗan littafi ne da mai karatu zai gama a kwana biyu uku, an sa shi ne don yaro ya karanta wani abu daga farko har ƙarshe ko sau ɗaya ne. Me muke yi? Sai a turo taƙaitaccen bayaninsa da tambaya ɗari da amsoshinsu a guruf ɗin WhatsApp, yara su haddace sunayen mutanen ciki, littafin ko buɗe shi ba a yi ba.

"Hausar ce ma take kashe musu Turancin"

Nan ne na fi so mu tsaya, domin nan ne aka fi yi min gardama. Da na ce a riƙa sa yaro ya maimaita labari da Hausa, sai aka ce haba, mu da muke fama su daina Hausa a aji, har tara ake cin wanda ya yi, kai kuma za ka dawo da ita?

Dan Allah mu tuna yadda aka koyi Larabci a ƙasar nan shekaru aru-aru. Je ka kowane zaure da ake karatun littattafai bayan Asuba ko bayan Magariba. Ɗalibi zai ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa gaɓa-gaɓa, ya tsaya ya yi bayani, in kalma tana da fuska biyu ya ce a nan kaza take nufi saboda abin da ya gabace ta. Daga Ahalari a wuce Ishmawi, a wuce Iziyya, a shiga Risala, a hankali har ɗalibi ya kai inda zai buɗe littafin da ba a taɓa biya masa ba ya karanta ya gane. Da wannan hanyar aka samu malaman da suka yi rubuce-rubuce da Larabci a Sakkwato da Kano da Katsina da Zariya. Ba wanda ya taɓa cewa Hausar da malam ke fassara da ita ta hana su Larabci, ita ce ma tsanin da suka taka.

Kuma mu ai mun san bambancin wanda ya iya jan baƙi da wanda ya san ma'ana, a harshenmu muke da kalmomin. Me ya sa da aka zo boko sai muka manta? Yarinyar nan tana jan baƙin Turanci tiryan-tiryan, in ka ji tana karantawa da ƙarfi sai ka ce ta iya, ma'anar ce babu. Kuma muddin da Turanci kaɗai za a tambaye ta ta amsa da Turanci, za ta iya ɓoyewa a bayan kwafe har ta gama makaranta ba wanda ya gane. Hausa ce ta tona, cikin minti ɗaya.

A ƙasar Yarbawa ma an gwada wani abu makamancin haka. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife daga 1970, aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi, yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, a ƙarshen 2025 kuma aka soke, wannan muhawara ce mai tsawo ta wata ranar. Abin da nake nema bai kai nan ba ma. Ina cewa ne malamin Turanci in an gama karanta sakin layi ya ce wane, tashi ka gaya mana da Hausa me aka ce, in an tabbatar kowa ya gane sai a ce to yanzu faɗe shi da Turancinka, gajere. Wannan matakin na biyu shi ne taƙaitawar da ake ba maki 30, ba wani abu ba ne daban.

Na yarda akwai haɗari, malami malalaci zai iya mayar da darasin duka Hausa yara su fita ba su furta Turanci ko jimla ɗaya ba. Wannan laifin malamin ne, kuma hana Hausar bai gyara irin wannan malamin ba, sai dai ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa.

"Yaran yanzu ba sa son karatu"

Ban yarda ba. Ita wannan 'yar tawa uwarta kullum faɗa take mata a kan littattafan Hausa da take karantawa a waya, labari mai shafi ɗari uku za ta cinye shi a kwana biyu, ta zo ta ba ka shi daki-daki, wa ya auri wa, me ya sa uwar miji ta tsani amarya, har ta gaya maka tun a tsakiya ta gane wane ne munafukin. To wannan ai shi ne auna fahimta, har da gano abin da ba a faɗa a fili ba. Samarin kuma ka ji su a majalisa suna warware maganar cinikin 'yan ƙwallo, wa aka saya nawa, saura shekara nawa a kwantiraginsa.

Kenan kan yana aiki, son labari yana nan. Abin da ba a ba su ba shi ne Turancin da ya yi daidai da ƙarfinsu kuma yake da daɗin da zai ja su. Yayyenmu da suka yi sakandare a shekarun 1980 za su gaya maka yadda ƙananan littattafan labaran Turanci na Pacesetters ke yawo hannu-hannu a ɗakin kwana har bango ya cire, ba don jarrabawa suke karantawa ba, amma shi ya ba su Turancin. Yaron yau daga littafin aji sai tsoffin tambayoyi, matanin farko da zai gani mai tsawo shi ne wanda aka ce zai ci ko ya faɗi a kansa, ta ina zai so shi?

"Babu kuɗin littattafai"

Gaskiya ne littafi ya yi tsada. Amma kuɗin lesin na wata ɗaya zai sayi tsoffin littattafan labari guda nawa a wajen masu baza su a ƙasa? Tsohuwar jarida ta Daily Trust da ake naɗe ƙosai da ita matani ce. Wayar da ake kallon TikTok da ita tana buɗe labaran Turanci, kuma ga wata dama da mu Hausawa muke da ita, yaro zai iya jin labari a BBC Hausa ko ya karanta a Aminiya, sannan ya nemo labarin nan da Turanci, ya riga ya san me ya faru, sai kalmomin su riƙa faɗa masa da kansu. A Kano ga laburaren Murtala Muhammad nan, yara nawa 'yan SS3 aka taɓa kai wa ko sau ɗaya?

"Lokaci ya ƙure, saura wata kaɗan"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta sa ban je na yi wa malamin lesin ɗin faɗa ba. An kawo masa yara a SS3, wasu ko sakin layi ɗaya ba za su iya karantawa ba, an ce ya sa su ci jarrabawa a wata biyar, iyaye kuma maki suke so su gani a littafi. Ɓarnar tun firamare aka yi ta, aka yi ta tura yaro aji na gaba bai iya karatu ba, aji cike da yara malami ɗaya ba zai iya sauraron karatun kowa ba. Mutumin nan ya duba ya ga abin da zai iya shi ne dabara. Na fahimce shi.

Amma duk da haka ina ganin lissafinsa bai fita ba. Wata biyar kwana 150 ne. Yaron da ya karanta shafi biyu kullum, ya ba wani labarin da Hausa, ya rubuta jimla uku da Turancinsa a kan abin da ya karanta, ya yi shafi 300 kafin ranar jarrabawa. Ba zai zama Bature ba, amma zai ci karo da "however" da "although" da "in spite of" sau ɗaruruwa har ya gane cewa in ya gan su magana za ta juya, zai saba bin "it" da "they" ya gano wa ake nufi, zai daina tsayawa cak duk lokacin da ya ga kalmar da bai sani ba. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne ke raba C6, wato kiredit na ƙarshe, da D7. Dabarar farauta kuwa a kwana ɗaya ake koyonta, in ma dole sai an koya to a bar ta sai satin ƙarshe.

Kuma yaron da aka tura ɗakin jarrabawa ya san a ransa bai iya ba, ina zai nufa? Wajen masu satar amsa. Daga nan ne ake fara tara kuɗin "taimako", a nemi santar da ake rubuta amsa a allo. Mun ga abin da ya faru a watan Mayun 2025, takardar Turancin WAEC ta fita kafin lokaci aka jinkirta ta, yara a wurare da dama suka yi ta rubutu cikin dare da fitilar waya da tocila. Kasuwar satar nan ba za ta mutu ba muddin muna yaye yaran da ke tsoron shafi ɗaya na Turanci. Wanda ya samu kiredit ta wannan hanyar kuma jami'a na jiransa, can littattafan duka da Turanci ne, lakca da Turanci, ba mai ja masa layi a ƙarƙashin amsa.

Abin da muka fara a gidan

Na ce wa ƙanwata kar ta cire ta daga lesin, amma a ƙara abu ɗaya. Kullum bayan Isha yarinyar za ta karanta shafi biyu na wani ɗan littafin labari da na kawo mata, sannan ta ba uwarta labarin da Hausa. Ƙanwata ta ce, Yaya ni da ban yi nisa a boko ba ta ya zan san ko daidai ta faɗa? Na ce ke dai ki saurara kamar yadda kike sauraron wasan kwaikwayo a rediyo, in labarin bai haɗu ba za ki ji, ki tambaye ta me ya sa wane ya yi haka, in ta kasa ta koma ta sake dubawa. Uwa ba ta bukatar Turanci kafin ta gane labari ya yi giɓi.

Na kuma hana ta ɗaukar ƙamus da zarar ta ga baƙuwar kalma. Ta fara karanta jimlar har ƙarshe, ta yi hasashe, ta rubuta hasashen da fensir a gefe, sai an gama shafin ta duba ko ta dace. A ɗakin jarrabawa ba ƙamus, hasashen nan shi za ta shiga da shi. Ranar Lahadi kuma ni zan zo mu ɗauki matani ɗaya daga tsoffin tambayoyin, ta karanta shi duka sau biyu kafin ta kalli tambaya ko ɗaya, mu sa agogo.

Daren farko shafi biyun ya ɗauke ta kusan awa guda, har ta yi kuka ta ce ita Turancin nan ba za ta taɓa iyawa ba. Dare na huɗu uwar ta kira ni a waya, wai yarinya ta wuce shafi biyu ta yi biyar saboda tana so ta ga ko za a kama ɓarawon.

Ita ɗaya ce dai, kuma tana da kawun da zai zo ranar Lahadi. Na tambaye ta ko makarantarsu na da laburare, ta ce akwai wani ɗaki da aka rubuta haka a ƙofarsa, tun tana JS1 ba ta taɓa ganin sa a buɗe ba, ta taga ana hango littattafai a kan kanta ƙura ta rufe su. Akwai taron iyaye da malamai ƙarshen watan nan, na ce wa ƙanwata tare za mu je, ina so in ji makullin ɗakin nan a hannun wa yake.